Yadda Ake Gano Jirgin Ruwan da Ya Kai Kakannin 'Yan Norwe Amurka

Daga 1825, shekarar da ƙaramin jirgin nan Restauration ya bar garin Stavanger da mutum 52 ya nufi New York, zuwa wajajen 1930, mutanen Norwe kusan 800,000 ne suka tattara nasu ya nasu suka koma Amurka da Kanada. In aka duba ƙanƙantar ƙasar, Ireland kaɗai ta fi ta rasa mutane a wancan zamani. A 1882 kawai, kusan mutum 29,000 suka fita. Jikokinsu da tattaɓa-kunnensu sun cika Minnesota da Wisconsin da Iowa da jihohin Dakota biyu, kuma duk wanda ya zauna da su ya san tambayar da ke bakinsu in an taɓo zancen asali: a wane jirgi kakanmu ya zo?

Na daɗe ina amsa wa mutane wannan tambaya, wasu don zumunci, wasu aikin biya ne. Mai haƙuri zai iya yin aikin daga ko'ina yake, domin yawancin takardun suna intanet, kuma kyauta. Amma bari in faɗa maka tun da wuri: jirgi shi ne abu na ƙarshe da ake nema. Sai ka san mutumin, da sunan da yake amsawa a Norwe, da ikilisiyarsa, da shekarar da ya tashi, sannan jirgin zai fito. Wanda ya fara da buga Ole Olsen a shafin Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙin da suka sauka New York, zai ga ɗaruruwan mutane, ya zaɓi ɗaya da ka, ya miƙa wa iyali kakan wasu. Ba abin da ke ɓata mini rai a wannan aiki kamar haka, domin da zarar kuskuren ya shiga salsalar iyali a intanet, kwafarsa za a yi ta yi har ya zama kamar gaskiya.

KAYAN AIKI

Kwamfuta ta fi waya, saboda shafukan rajista masu faɗi ne, kuma za ka riƙa buɗe biyu ko uku a lokaci guda. In waya kawai gare ka, za ta yi, sai dai ka kwantar da ita, ka kuma riƙa sauke hoton shafin maimakon karanta shi a kan intanet.

Littafin rubutu ko jadawali a kwamfuta, inda za ka rubuta duk abin da ka nema, har wanda ba ka samu ba.

Sai shafuka guda biyar:

Digitalarkivet, na hukumar adana takardun tarihi ta Norwe. Kyauta ne, yana da maɓallin juyawa zuwa Turanci. Nan littattafan coci da ƙidayar jama'a da rajistar masu ƙaura suke.

FamilySearch. Kyauta ne amma sai ka yi rajista. Nan za ka sami ƙidayar Amurka da jerin fasinjojin da suka sauka.

Shafin gidauniyar Ellis Island, don waɗanda suka sauka New York. In injin bincikensa ya gajiyar da kai, bi ta shafin Stephen Morse, wanda ke ba ka damar tace sakamako da gari, da shekaru, da farkon suna.

Norway-Heritage, wanda ya tattara tarihin jiragen da suka yi jigilar 'yan Norwe, da ranakun tashinsu da na saukarsu shekara bayan shekara.

Library and Archives Canada, don waɗanda suka bi ta Quebec ko Halifax.

Akwai kuma shafin Ancestry, na kuɗi ne, yana da amfani, amma kada rashinsa ya tsayar da kai. Ba ka buƙatar jin yaren Norwe. Kalmomi kamar ashirin za su ishe ka, kuma zan kawo muhimmansu a inda ake buƙatarsu.

MATAKI NA 1: FARA DAGA AMURKA KA KOMA BAYA

Tambayi iyalin duk abin da ke hannunsu: tsofaffin wasiƙu, Littafi Mai Tsarki da aka rubuta haihuwa a bangonsa, hoton kabari, da adakar katakon da kakan ya zo da ita. Adakar nan kada ka raina ta. Da yawa an rubuta suna a jikinta da fenti, wani lokaci da shekara, da garin da aka nufa, har da sunan kamfanin jirgi.

Daga nan ka buɗe ƙidayar jama'ar Amurka. Ta 1900 da 1910 da 1920 da 1930 duk sun tambayi shekarar da baƙo ya shigo ƙasar, ta 1900 kuma ta ƙara da wata da shekarar haihuwa. Ta 1890 kusan duka wuta ta cinye ta, kada ka ɓata lokaci a kanta. Duba duka huɗun, domin ba wuya ka ga 1881 a ɗaya, 1883 a wata. Wanda ya amsa wa mai ƙidaya ƙila matar gida ce ko yaro. Ɗauki abin da ka gani a matsayin tazara, ka ƙara shekara biyu gaba da baya.

Takardun zama ɗan ƙasa sun fi ƙidaya ƙarfi. Daga ƙarshen Satumba 1906 gwamnatin tarayya ta daidaita fom ɗin, ya zama ana rubuta sunan jirgi da tashar da aka sauka da rana. In kakan ya nemi zama ɗan ƙasa bayan wannan lokaci, rabin aikinka ya ƙare. Kafin nan kuwa, kowace kotu da irin fom ɗinta, wasu ba su faɗi komai ba sai cewa ya janye mubaya'arsa ga Sarkin Suwidin da Norwe. Matar aure kafin 1922 ba kasafai take da takardarta ba, ta mijinta ce ta rufe ta.

Wurare biyu da sabon shiga ke tsallakewa: littattafan cocin Lutheran na 'yan Norwe a Amurka, inda fasto kan rubuta ikilisiyar da mutum ya fito, da sanarwar rasuwa a jaridun yaren Norwe irin su Decorah-Posten ta Iowa da Skandinaven ta Chicago. Sanarwar kan faɗi gonar da aka haife shi da shekarar zuwansa. Ƙungiyar tarihin 'yan Norwe a Amurka da ke kwalejin St. Olaf a Northfield, Minnesota, tana da tarin irin waɗannan sanarwa.

Kada ka bar wannan mataki sai kana da abu uku: kimanin shekarar tafiya, ranar haihuwa ko shekararta, da sunan yanki a Norwe.

MATAKI NA 2: WARWARE SUNAN

A nan mutane suka fi ɓacewa. Kafin dokar suna ta 1923, mutumin karkara a Norwe ba shi da sunan iyali tsayayye. Sunansa kashi uku ne: na yanka, na uba, da na gonar da yake zaune. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma muna jingina mutum ga ubansa mu kuma jingina shi ga garinsa, kamar yadda Shagari da Tafawa Ɓalewa sunayen garuruwa ne kafin su zama na mutane. Bambancin shi ne, a Norwe sunan gonar yana canjawa in mutum ya tashi.

A ce akwai Ole, ubansa Hans, suna zaune a gona mai suna Haugen. Shi Ole Hansen Haugen ne. Ƙanwarsa Kari kuwa Kari Hansdatter Haugen ce, a takarda a kan taƙaita shi Hansdtr. Ubansu Hans, in sunan nasa uban Peder, Hans Pedersen ne. In Ole ya koma aiki a wata gona mai suna Bakken, ya zama Ole Hansen Bakken. Mace kuma ba ta ɗaukar sunan miji a karkara.

Yanzu duba abin da zai iya faruwa a hanya. Fasto ya rubuta Ole Hansen Haugen. Ɗan sanda a tashar jirgi ya rubuta Ole H. Haugen. Akawun kamfani a Liverpool ya rubuta Ole Hanson. A Wisconsin ya zama Ole Hogan, ƙaninsa da ya biyo bayansa ya zaɓi Pederson saboda sunan da ubansu ke amfani da shi. Duk gida ɗaya ne. Don haka rubuta kowane suna da zai yiwu a jere kafin ka fara bincike.

Sunan yanka ma ya kan sauya a Amurka: Anders ya koma Andrew, Johannes ya koma John, Peder ko Per ya koma Peter, Nils ya koma Nels, Kari ta koma Carrie, Marit ta koma Mary. Haruffan æ da ø da å su ma suna rikiɗa. Tsofaffin takardu suna rubuta aa a madadin å, ø kuma ta kan zama o ko oe. Ch da K suna musanya, haka W da V.

Za ka ji iyalai suna cewa a Ellis Island aka canja wa kakansu suna. Ba haka abin yake ba. Jerin fasinjoji a tashar da aka taso ake rubuta shi, ma'aikatan Ellis Island dubawa kawai suke yi. Sunan da za ka nema a jerin shi ne wanda aka sayi tikiti da shi, ba wanda ke kan kabari ba.

MATAKI NA 3: NEMO SHI A LITTAFIN COCIN GARINSU

A Digitalarkivet, fara da ƙidayar Norwe ta 1865 ko 1875 ko 1891 ko 1900 ko 1910, wadda aka yi ta ƙarshe kafin tafiyarsa. Ka ga gidan da yake, da iyayensa, da 'yan uwansa. Rubuta sunayensu duka, za su yi maka rana nan gaba.

Sai ka buɗe hotunan littafin coci, kirkebok. Za ka zaɓi lardi, sannan prestegjeld, wato babbar ikilisiya, sannan sogn, ƙaramar da ke ƙarƙashinta. Littafi iri biyu ne: ministerialbok na fasto, da klokkerbok, kwafin da mataimakinsa ke riƙewa. In rubutun ɗaya ya gagare ka ko shafi ya lalace, duba ɗayan. Tabbatar da ranar haihuwa a sashen baftisma tukuna.

Daga nan ka nemi sashen waɗanda suka bar ikilisiya. A tsofaffin littattafai sunansa Afgangsliste, a waɗanda suka biyo baya Udflyttede ko Utflyttede. Bi gurbin ƙarshe na shafin da ido daga sama zuwa ƙasa, inda ake rubuta wurin da aka nufa. Kalmar Amerika tana da sauƙin ganewa ko a mummunan rubutu, kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu za ka ga ta jeru layi bayan layi, sau da yawa an rubuta ta sau ɗaya a sama, sauran kuma do. kawai, ma'ana haka nan. Kwafe duk waɗanda suka karɓi takardar sallama a mako ɗaya da shi. Mutanen ƙauye ɗaya tare suke tafiya.

Hattara biyu. Ranar da ke nan ranar karɓar takarda ce daga fasto, tana iya rigan tafiya da makonni ko watanni. Kuma daga wajajen 1880 mutane da yawa sun daina zuwa wurin fasto, don haka rashin sunansa a nan ba hujja ba ce cewa bai tafi ba.

In ba ka san ikilisiyar ba amma kana da sunan gona, nemi bygdebok na yankin, littattafan da suka bi tarihin kowace gona da mazaunanta, waɗanda su kan rubuta wane ya tafi Amurka a shekara kaza. Ɗakin karatu na ƙasar Norwe ya ɗora su a intanet, amma da yawa ba sa buɗuwa daga wajen ƙasar. In haka ta faru, roƙi wani a ƙungiyar Slekt og Data ya duba maka, ko ka rubuta wa cibiyar binciken asali ta Naeseth da ke Madison, jihar Wisconsin.

MATAKI NA 4: RAJISTAR 'YAN SANDA TA MASU ƘAURA

Wannan ita ce zuciyar aikin ga duk wanda ya tashi daga 1867 zuwa gaba. Saboda yadda dillalan jiragen ruwa ke cutar talakawa, hukuma ta wajabta a kai yarjejeniyar tikitin kowane mai ƙaura ofishin 'yan sanda a sa hannu, su kuma suka riƙa rubuta sunaye a manyan littattafai, emigrantprotokoller. Na Christiania da Trondheim sun fara a 1867, na Kristiansand a 1873, na Bergen da suka tsira daga 1874 suke. Christiania ita ce Oslo ta yau, ba ta ɗauki sunan Oslo ba sai 1925, kuma za ka gan ta da Ch ko da K. Na Stavanger gobara ta cinye su, sai dai abin da aka sake harhaɗawa daga wasu takardu.

Yankin mutum yana nuna tashar da ya fi yiwuwa ya bi. Mutanen Valdres da Hallingdal da Gudbrandsdal da Hedmark galibi Christiania. Na Voss da Sogn da Hardanger, Bergen. Na Trøndelag da arewa, Trondheim. Na kudu, Kristiansand. Ba doka ba ce, amma daga nan ake farawa.

A Digitalarkivet akwai wurin neman masu ƙaura, Emigranter, da ke haɗa tashoshin duka. Kada ka cika kowane gurbi. Sa sunan yanka, da farkon sunan uba da alamar tauraro, kamar Hans*, don ya kamo Hansen da Hanssen da Hansdatter, sai shekarar haihuwa. In bai fito ba, cire sunan uba ka sa na gona. In har yanzu shiru, bar suna gaba ɗaya ka nemi ikilisiya da shekara, ka karanta duk wanda ya fito.

Rajistar za ta ba ka suna, shekaru ko ranar haihuwa, sana'a, mazauni, garin da aka nufa, dillali ko kamfanin jirgi, sunan jirgi, da rana. Sau da yawa akwai bayanin ko an biya tikitin daga Amurka. Wannan alama ce mai daraja, tana nufin akwai ɗan uwa da ya riga shi zuwa, kuma garin da aka nufa nan wancan yake. Mazaunin da aka rubuta wurin zamansa na ƙarshe ne, ba lalle mahaifarsa ba. Saurayin ƙauye da ya yi shekara yana aiki a birni za a rubuta shi ɗan birnin.

In hoton littafin na asali yana nan, buɗe shi, gani ya kori ji. Masu kwafe rubutu kan yi kuskure, kuma a shafin ne za ka ga waɗanda aka rubuta sama da shi da ƙasa da shi.

MATAKI NA 5: JIRGI BIYU NE, BA ƊAYA BA

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini hoton jirgi a cikin firam, an rubuta Angelo a ƙasa, ta ce shi ne ya kawo kakarta Amurka, sai dai sun rasa sunanta a New York. Ba za su same ta ta wannan hanya ba. Angelo jirgin kamfanin Wilson ne na garin Hull a Ingila, aikinsa kai da kawo tsakanin Norwe da Hull. Shi da 'yan uwansa irin su Rollo da Hero da Tasso da Montebello su ne sunayen da suka cika rajistar 'yan sanda, kuma su ne suka ruɗe iyalai da yawa.

Ga yadda tafiyar take ga mafi yawan waɗanda suka fita daga wajajen 1870 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jirgin Wilson ya kan bar Christiania ranar Juma'a, ya isa Hull bayan kwana biyu ko uku. A tashar jirgin ƙasa ta Paragon da ke Hull akwai ɗakin jira da aka gina wa masu ƙaura a 1871. Daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Ingila da su zuwa Liverpool, wasu Glasgow, su jira kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a masaukin kamfani, sannan su hau babban jirgin da zai ƙetare Atlantika. Wancan babban jirgin shi kake nema, kuma rajistar Norwe ba kasafai take faɗin sunansa ba.

Abin da take ba ka shi ne kamfani, ko dillalin da ke wakiltarsa, kuma wannan ya isa. White Star da Inman da Guion da National daga Liverpool suke zuwa New York. Cunard tana zuwa New York da Boston. American Line tana zuwa Philadelphia. Anchor daga Glasgow take tashi. Allan da Dominion Quebec suke zuwa, in kogin St. Lawrence ya daskare da hunturu sai su sauka Halifax ko Portland ta jihar Maine. In dillali kawai aka rubuta, Norway-Heritage zai nuna maka kamfanin da yake yi wa aiki a shekarar.

Sai lissafi. Ɗauki ranar da ya bar Norwe, ka duba jiragen wannan kamfani da suka sauka tsakanin mako biyu zuwa huɗu bayanta. Ba za su wuce biyu ko uku ba. Su za ka bincika.

Akwai waɗanda suka tafi kai tsaye, su jirginsu ɗaya ne. Kamfanin Thingvalla na Denmak, daga wajajen 1880, yana tasowa daga Copenhagen ya biya Christiania da Kristiansand ya wuce New York, da jirage irin su Hekla da Island da Geiser. A 1898 ya koma Scandinavian America Line, mai Oscar II da Hellig Olav da United States. Daga 1913 kuma kamfanin Norwe na kanta ya fara da Kristianiafjord da Bergensfjord. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a rajista, je ka neme shi a New York kai tsaye.

MATAKI NA 6: NEMO SHI A JERIN WAƊANDA SUKA SAUKA

Amurka ta fara ajiye jerin fasinjoji a 1820. A New York, daga 1855 zuwa 1890 a Castle Garden ake karɓar baƙi, Ellis Island ba ta buɗe ba sai 1 ga Janairu 1892. Wanda ya zo 1882 bai taɓa taka Ellis Island ba, ko da iyali sun rantse.

Jerin kafin 1893 ba shi da nama: suna, shekaru, jinsi, sana'a, ƙasa. Ole Hanson, 24, lebura, Norwe, shi ke nan. A nan ne abokan tafiyar da ka kwafe a mataki na 3 da na 4 za su cece ka. Nemi wanda sunansa ya fi baƙunta a cikinsu. In ka same shi, buɗe shafin ka duba kewayensa. In mutum huɗu ko biyar da suka yi rajista tare a Trondheim suka bayyana a jere a jirgi ɗaya, da shekarun da suka dace, to ka kama gaskiya.

Daga 1893 jerin ya fara faɗin mazauni na ƙarshe, da garin da aka nufa, da wanda ya biya tikiti, da ɗan uwan da za a je wurinsa. A 1906 aka ƙara mahaifa da kamanni. A 1907 aka ƙara suna da adireshin ɗan uwa mafi kusa da aka baro a gida, jerin ya zama shafi biyu. Mutane da yawa na sauke shafin farko su tafi, alhali mahaifa tana na biyu. Lura da lambar layinsa ka bi ta a shafi na gaba. Sunan da aka ja wa layi a tsakiya yana nufin an rubuta shi amma bai hau ba, sai ka duba jirgin da ya biyo.

Kada ka tace bincike da ƙasa. Norwe tana haɗe da Suwidin ƙarƙashin sarki ɗaya daga 1814 zuwa 1905, akawun Ingila kuma bai damu da bambancin ba, ya kan rubuta Suwidin ga kowa. Ka kuma tuna Amurka wata take fara rubutawa kafin rana, Norwe rana kafin wata. 5.4 a rajistar Bergen 5 ga Afrilu ne.

In fihirisa ta ƙi fitar da shi alhali ka san jirgin da ranar, buɗe hotunan jerin ka karanta shafi bayan shafi. Jirgi mai mutum dubu zai ci maka awa guda, kuma 'yan Norwe galibi wuri ɗaya aka tara su.

Na Kanada, jerin Quebec ya fara a 1865, na Halifax a 1881. Mafi yawan waɗanda suka sauka can wucewa suka yi zuwa Chicago da Milwaukee, kuma Amurka ba ta fara rubuta masu shigowa ta iyakar Kanada ba sai 1895, a takardun da ake kira na St. Albans.

MATAKI NA 7: IN TAFIYAR TA RIGA 1867

Wannan zamanin jirage masu tafiya da iska ne, tafiyar wata biyu ko kusa da haka. Daga 1825 zuwa wajen 1850 yawanci New York aka nufa, wasu kai tsaye, wasu ta Gothenburg a Suwidin ko Le Havre a Faransa ko Hamburg a Jamus, kuma jerinsu yana nan. Gerhard Naeseth ya tattara sunayen 'yan wannan zamani jirgi bayan jirgi, aikinsa ne wurin farawa.

Daga 1850 abu ya juya. Birtaniya ta soke dokokinta na sufurin teku a 1849, sai jiragen Norwe suka sami ciniki biyu: su kai mutane Quebec, su dawo da katako. Shekara goma sha biyar mafi yawan masu ƙaura can suka bi, kuma jerin fasinjojin Quebec na kafin 1865 babu shi. Faɗa wa iyalin haka ƙarara tun farko.

Duk da haka ana iya matsowa kusa. Ɗauki ranar sallama daga littafin coci, ka duba jiragen da suka tashi daga tashar da ta fi kusa a wannan bazara. Duba rajistar fasfo ta yankin, domin har 1860 sai da fasfo ake fita. Duba takardun tsibirin Grosse Île, inda ake killace marasa lafiya kafin Quebec, ko wani daga iyalin ya kwanta ko ya rasu a can, domin ana rubuta sunan jirgi. Jaridun Norwe na lokacin su kan buga wasiƙar godiya da fasinjoji suka sa wa hannu ga kyaftin. In wani ɗan ƙauyensu da suka karɓi sallama tare an faɗi jirginsa a sanarwar rasuwarsa, wannan hujja ce mai kyau, amma ka rubuta ta a matsayin mai yiwuwa, ba tabbas ba.

MATAKI NA 8: IN YA ƘI FITOWA A RAJISTAR NORWE

Duba tashoshin maƙwabta. 'Yan sandan Gothenburg suna da nasu jerin daga 1869, na Copenhagen ma suna da rajista tun wajen wannan lokaci, Hamburg kuma daga 1850 zuwa 1934. Samarin da ke gudun aikin soja da masu bashi a wuya sun fi bin waɗannan hanyoyi.

In mutumin bakin teku ne, mai yiwuwa bai taɓa zama fasinja ba. Dubban matuƙa sun sauka daga jiragen da suke aiki a tashoshin Amurka ba su koma ba. Nemi rajistar matuƙa, sjømannsruller, ka duba kalmar rømt, ma'ana ya gudu, tare da gari da rana.

Yara ƙanana ka neme su ƙarƙashin sunan uwa ko uba. Matar da ta bi mijinta bayan shekara biyu tana iya fitowa da sunan ubanta, ko na mijin, ko na gona. Kuma mutane da yawa sun je sun dawo sun sake komawa. In ka gan shi a jirgin 1903 alhali ƙidaya ta ce 1888, duba gurbin da ke tambayar ko ya taɓa zama a Amurka, wataƙila ziyarar gida ya je.

MATAKI NA 9: TABBATARWA DA ADANAWA

Ni ba na cewa na sami mutum sai abu uku sun haɗu ban da suna: shekaru, wurin da ya fito ko ya nufa, da abokan tafiya ko ranar da ta dace da rajistar Norwe. In biyu ne kawai, ina rubuta "mai yiwuwa" da manyan haruffa, in faɗi abin da ya rage.

Sauke hoton kowane shafi, har da shafin farko na jerin inda sunan jirgi da kyaftin da ranar sauka suke, domin shafukan ciki sau da yawa ba su ɗauke da su. A Digitalarkivet kwafi adireshin dindindin da ke jikin kowane hoto, ba wanda ke saman burauza ba. Sa wa kowane fayil suna da shekara, da tasha, da sunan mutum, da lambar shafi da layi. A rahoton da za ka ba iyali, rubuta jiragen biyu kowanne da hanyarsa da ranarsa, ƙaramin daga Norwe zuwa Hull, babban daga Liverpool zuwa inda ya sauka, ka kuma haɗa da jerin abokan tafiyarsa, domin wanda zai nemi ƙanwar kakan gobe daga cikinsu zai fara.